Bargunan da muka yi wa matan Vrindavan alkawari

Ranka ya daɗe Shugaba, dattawa da 'yan uwa, zan sake tayar da maganar barguna, domin Disamba ta ƙarato, kuma har yau ko rabin kuɗin da muka yi alkawari bai shigo asusu ba.

Waɗanda muka je Vrindavan tare sun ga abin da na gani. Tafiyar kamar awa uku ce daga nan Delhi, amma da muka kutsa lungunan garin sai muka tarar da tsofaffin mata cikin fararen zannuwa, wasu an aske musu kai, suna zaune a ƙofar wuraren ibada da kwano a gabansu. Mazajensu ne suka mutu, sai dangin miji, wani lokaci har 'ya'yan cikinsu, suka ce masu farar ƙafa ne, suka raba su da gidajensu. Da yawansu daga Bengal ta Yamma suka fito, kuma suna wuni suna rera waƙoƙin yabon Krishna, wanda mabiya addinin Hindu suke bauta wa, domin a ba su 'yan rufi (kuɗin Indiya) kaɗan da ɗan awon shinkafa.

Doka kam akwai ta. An haramta ƙona mace tare da gawar mijinta tun 1829, an halatta mata sake aure a 1856, dokar gado ta 1956 kuma ta ba ta kaso a dukiyarsa. Duk da haka, sai da Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarni a 2012 cewa a riƙa yi wa gawarwakin matan nan sutura irin ta addininsu cikin mutunci. Daga nan ƙungiyar Sulabh ta soma ba wasunsu kuɗin wata, gwamnati kuma ta buɗe gidan Krishna Kutir mai gadajen kwana 1000 a 2018. Waɗanda muka yi wa alkawari ba sa cikin waɗannan gidaje. A ɗakunan haya suke kwana a kan siminti, kuma kun san irin sanyin da hazon Janairu yake saukowa da shi a bakin kogin Yamuna.

Ranar nan mahaifiyata na tuna. Da ta shiga takaba a Katsina, wata huɗu da kwana goma kwanon maƙwabta bai yanke ba, aka fitar mata da tumunin takabarta, ba wanda ya nuna mata ƙofa. Wannan tarbiyya muka zo da ita, shi ya sa nake jin kunya idan na buɗe littafin nan na ga sunaye babu komai a gabansu.

Na ji wasu suna cewa ai ba Musulmi ba ne. Ba zakka muka ce a kawo ba, sadaka ce, kuma likitocin da suke duba iyayenmu a asibitocin ƙasar nan ba su taɓa tambayarsu addininsu ba.

An biya hayar zauren nan, sakatare kuma zai yi bayanin sabunta biza. Ni dai maganata barguna ce. Mai shagon da muka yi ciniki da shi ya ce farashi zai tashi da zarar sanyi ya kankama. Don Allah, ɗalibai ku kawo abin da ya sawwaƙa, 'yan kasuwa ku cika sauran. Ina nan bakin ƙofa da littafi har mutum na ƙarshe ya fita.