Dutsen Wasa Aska: Yadda Ake Gane Na Gaske

Assalamu alaikum. Na ga wasu sun zo da duwatsunsu a aljihu, ku riƙe su tukuna, za mu zo kansu.

Bari in fara da wannan da ke hannuna. Kotikul ake ce masa, a tsaunukan Arden na ƙasar Beljiyam ake haƙo shi, wajajen garin Vielsalm. Ku matso ku dubi gefensa: sama rawaya, ƙasa shuɗi-shuɗi. Wani haka aka same shi a cikin ƙasa, wani kuma liƙa masa aka yi, in ka lura za ka ga layin gam miƙe sambal. Abin da ke cin ƙarfe a jikinsa ƙananan ƙwayoyin wani ma'adini mai tauri ne da ake kira ganet, kusan kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. In ka ɗiga ruwa ka goga masa ɗan ƙaramin dutse, sai farar laka ta taso kamar madara. Mai kauri tana ci da sauri, amma tana ɗan dakushe bakin aska, shi ya sa kake tsarma ta kaɗan-kaɗan har ka ƙare a kan ruwa zalla. Wannan lakar ita ce shaidar farko. Launinta, saurin tasowarta, yadda take baƙi in ta fara cin ƙarfe, duk abin lura ne.

Inda ake cutar mutane kuwa shi ne wajen suna. Duwatsun Turinjiya na Jamus, musamman masu takardar kamfanin Escher, suna da tsada, don askar da aka ƙarasa a kansu ba ta yakushin fuska. To amma takarda takarda ce. Ni da kaina na taɓa sayen wani a tsohon akwatin katako, takarda lafiya lau. Na zo gida na goga, laka ta fito toka-toka mai tsakuwa, aska tana ƙiƙir-ƙiƙir kamar ana jan ta a kan siminti. Ashe akwatin ne na gaske, dutsen kuwa musanya shi aka yi. Ku yi dariyarku, ni ma daga baya na yi.

Haka na Japan, irin su Nakayama da Ozuku da aka haƙo a tsaunukan Kiyoto. Hatiminsu tawada ce a fuskar dutse, ranar da ka baje shi, wato ka goge fuskarsa don ta daidaita, ta tafi, kuma mai son zamba yana iya buga tasa.

Na Ingila, wato Charnley Forest, da mai ake aiki da shi, haka ma na Akansas a Amurka. Tsohonsu yakan zo baƙi ƙirin saboda man shekara da shekaru. Kada ka yanke hukunci sai ka wanke shi ka baje fuskarsa. In Charnley ne, kore-kore zai fito, sau da yawa da jajayen zane.

Sannan ka ɗora masa askar da ka san halinta, ka ja ta a fatar gyaran bakin aska, ka aske da ita. Ni dai ban taɓa rubuta wa dutse suna ba sai bayan na yi haka sau biyu ko uku.

To, malam na baya can mai ɗan koren nan, miƙo shi. Wani ya taimaka mana da ruwa.