Darasi: Me Ya Karya Fensir a Cikin Ruwa?

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Ga kofin gilashi cike da ruwa, ga fensir na tsoma. Kun gani? Kamar an karya shi daidai bakin ruwa. Fensir lafiyarsa ƙalau, haske ne ya sauya hanya.

Maganar duk ta saurin gudun haske ce. A iska haske na cin kusan kilomita 300,000 cikin daƙiƙa ɗaya, a ruwa ya sauko wajen 225,000, a gilashi kuwa kusan 200,000. In ya shigo a karkace, gefe ɗaya ke fara rage gudu, sai ya lanƙwasa, kamar motar da tayarta ɗaya ta faɗa yashi.

Bari in kunna leza, fitilar nan mai fitar da siririn layin haske. Na barbaɗa ɗan garin alli a ruwan don layin ya fito. Ni na fi son koriya, ta fi ja fitowa a kyamara, amma don Allah kar a haska idon kowa.

To, ku natsu a nan, don wurin nan ya daɗe yana ba ni wahala ina ɗalibi. Ba daga fuskar ruwa ake auna kusurwa ba. Layi za ku ja wanda ya tsaya cak a kan ruwan, daidai inda hasken ya taɓa, daga shi ake awo, sama da ƙasa. Na shigar da shi a digiri 45, a cikin ruwa ya zama 58... a'a, afuwan, daga kwance na karanta. 32 ne. Wato ya matso kusa da layin tsaye. In zai fita iska kuma, nesa da shi yake yi.

Lissafin da ke haɗa kusurwar shiga da ta cikin ruwan, da sunan Snell ɗan ƙasar Holan ake kiransa, wanda ya gano shi a 1621, amma Ibn Sahl ya riga ya rubuta shi a Bagadaza tun wajen 984. Ina son ku riƙe sunan Ibn Sahl ɗin nan.

Yanzu in haska daga ƙasa, ina kwantar da lezar a hankali. Da na wuce digiri 49, duba, ya ƙi fita, ya dawo ciki kamar ya bugi madubi. Da wannan dabarar siraran wayoyin gilashi ke ɗaukar intanet ta ƙarƙashin teku.

Wanda bai yi rajista da tashar ba ya danna. A tanadi tabarau mai ƙara girma, da shi za mu yi aiki a darasi na gaba.