Beyar a bakin bola: rigimar farauta a New Jersey

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan faɗa, in Allah ya yarda.

Na farko, dabbar kanta. Baƙin beyar na Amurka, ƙato ne mai gashi, wani namijin yakan haura kilo 200. Jihar New Jersey ta fi kowace jiha a Amurka cunkoson jama'a, amma a arewa maso yammacinta sai mutum ya buɗe ƙofa da safe ya tarar da beyar a tsakar gida. An daina farautarsa bayan 1970, ya hayayyafa. A 2003 aka sake buɗe farauta, aka kashe 328. A 2014 beyar ya kashe wani ɗalibin jami'a a dajin garin West Milford da ke jihar. Gwamna Phil Murphy ya hana farautar a filayen gwamnati a 2018, a 2022 shi da kansa ya dawo da ita. Siyasa kenan, har a can.

To amma ni abin da ya dame ni shi ne shara. Shara, jama'a! Kafin ya shiga dogon barcinsa na hunturu, beyar yakan ci abincin da ya kai kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) 20,000 a rana. Ga hanci da ya fi na kare. Kai kuma ka fito da kwandon shara tun dare, ga ragowar kaza, ga tsabar da ka zuba wa tsuntsaye. Ai ka ba kura ajiyar nama. In ya ci sau ɗaya, gobe zai dawo, uwa ta zo da 'ya'yanta su ma su koyi hanya. Mafarauci yana can cikin daji da bindiga, ɓarawon yana nan a bakin bola. Akwai kwanduna masu makulli, amma da tsada, kuma in maƙwabcinka bai saya ba, naka aikin banza ne. Shara dai.

Na nawa muke? Na uku? To, mafarauta na cewa a rage yawan beyar, masu kare haƙƙin dabbobi na cewa farautar zalunci ce.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya me ya hana a kama su a kai daji mai nisa. An gwada, Hajiya. Da yawa sukan dawo, ko sun yi tafiyar kilomitoci masu yawa, wanda bai dawo ba kuma ya faɗa bolar wani garin. Wa zai yarda a sauke masa? Ga shi ana kiran salla, mu dakata nan.