Amsoshin Tambayoyinku: Ina ake kai naman da aka cire a tiyata?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wata baiwar Allah daga Angwan Rogo ta rubuto cewa an cire wa mahaifiyarta ƙullutu a nono, aka ce sai sakamakon gwaji ya fito za a fara magani. Tana tambaya, tunda likita ya gani da idonsa, me kuma ake jira?

To Hajiya, Allah ya ba Mama lafiya. Ido kaɗai ba ya tabbatar da cewa ƙullutu ciwon daji ne. Wannan hukunci yana hannun likitan binciken cututtuka, wanda da wuya majiyyaci ya taɓa ganin fuskarsa. Da an cire naman, ana tsoma shi cikin ruwan fomalin, wato sinadarin da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman sau 10. A ɗakin gwaji likitan zai zaɓi wuraren da yake zargi, a tsane musu ruwa, a daskarar da su cikin kaki, sannan na'ura ta fere su sirara, har silin gashi ya fi su kauri sau goma. Sai a ɗora kan gilashi, a rina, ya duba a madubin likita. Idan daji ne, akan ƙara gwajin ER, PR da HER2, wato wasu alamomi da ake nema a ƙwayoyin dajin, domin shi zai nuna wa likitan daji maganin da ya dace, misali ko ƙwayar tamoxifen ta maganin dajin nono za ta yi aiki. Kowane mataki yana cin lokacinsa, kuma fara maganin daji a kan zato ganganci ne.

Sai wani malam daga Bukuru, da aka miƙa masa naman da aka cire a tiyata a cikin roba ya kai ɗakin gwaji da kansa, yana tambayar yadda zai kula da shi. Malam, a nan aiki ya fi lalacewa. Kada ka sa shi a firiza, ƙanƙara na farfasa ƙwayoyin halittar. Kada a zuba masa ruwan famfo ko na ƙarin ruwa, ruɓewa zai yi. Duba ka ga ruwan fomalin ya rufe naman gaba ɗaya, murfin ya rufu gam, sunan majiyyaci na jikin robar kuma ya dace da na takardar likita. Ka kai a ranar. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da wannan sashe na gwajin nama. Masu ɗauka su je su binne kuwa, don Allah a bari sai an gwada, domin wani lokaci sai an sake yanka majiyyaci kafin a samu wani naman da za a gwada.