Gandun Mungo: me ya sa ba a barin mutum ya hau tudun nan shi kaɗai?

[Hoto daga sama: farin tudun yashi, rana na faɗuwa]

Jama'a, tambayarku ta yi yawa a kan wurin nan. Gandun Mungo ne, a jihar New South Wales ta Ostireliya. Kowa cewa yake, in na je zan hau can sama in ɗauki hoto? Za ka hau, amma sai da ɗan jagora.

Bari mu gama da hanya tukuna. Daga garin Mildura kilomita 110 ne, yawanci burji. In an yi ruwa, a rufe ta. Babu gidan mai a ciki, don haka cika tanki, ɗebi ruwan sha. Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi kan haura digiri 40. Mutumin Sakkwato ma sai ya nemi inuwa.

[Faffaɗan fili, jiminar Ostireliya na gudu]

Filin nan da tabki ne, ya ƙafe fiye da shekara 10,000. Iska ce ta tara yashi da laka a gaɓarsa ta gabas, tsawon kilomita 33, lanƙwashe kamar jinjirin wata.

To, ga inda ake ruɗewa. Akwai dakalin katako da kowa zai taka ya tsaya ya yi kallo. Daga ƙarshensa kuwa, ba ka ƙara taku ɗaya sai cikin ayarin da aka ba izini.

[Kusa: ɓawon katantanwa, baƙar toka a cikin yashi]

Kalli nan da kyau. Baƙin tabon nan murhu ne, wani ya hura wuta a kansa dubban shekaru da suka wuce. Duk ruwan da aka yi, duk iskar da ta kaɗa, sai ƙasa ta zaizaye ta tono wani abu: ƙashi, dutsen sassaƙa, ragowar kifi. Baƙo ba zai gane ba, takawa zai yi ya wuce. A yankin nan masanin kimiyyar ƙasa Jim Bowler ya ga ƙasusuwan wata mata a 1968, sannan na wani namiji a 1974, wanda aka binne da jar ƙasa a jikinsa. Shekarunsu kusan 40,000. Kakannin ƙabilun asalin yankin ne, wato Paakantji, Mutthi Mutthi da Ngiyampaa, kuma jikokinsu na nan da rai, wasunsu ma su ne 'yan jagorar. Ni dai ban ga abin ƙorafi ba. Wa zai bar baƙo ya shiga maƙabartar garinsu yana tattaka ƙasa don hoto? Ko tsakuwa kada ka sa a aljihu.

[Tsohuwar rumfar katako]

Sauran kuwa kai da motarka. Ga rumfar askin tumaki ta 1869, shiga ka leƙa. Ga zagayen kilomita 70 cikin daji. Gurbin ɗan jagora ne za ka kama ta intanet tun kana Mildura, domin can ciki sabis ɗin waya sai sa'a.