Darasin yau: wifi ɗin makaranta da masu kunna VPN

Assalamu alaikum, barkanmu da war haka, daga nan Jos nake magana, Unguwar Rogo. Ku yi haƙuri da muryata, sanyin Disamban nan ya kama min maƙogwaro. Saƙonni sun yi yawa, ɗalibai na ta tambaya wai Malam yaya za mu tsallake toshewar da aka yi wa wifi ɗin makaranta. To wanda kuke tambayar nan, ni ne mai toshewar a wata sakandare a garin nan, don haka ku gyara zama ku ji yadda abin yake daga ɗakin da rauta take, wato na'urar da ke rarraba wifi ɗin.

In ka rubuta youtube.com, wayarka ba ta san inda yake ba sai ta tambayi wani abu da ake ce wa DNS. Shi kaman lambobin da ka ajiye a waya ne, ka danna suna ya kawo lamba. Sai makaranta ta ce kowace tambaya ta biyo ta wurinta, in sunan na cikin waɗanda aka hana sai a ce maka babu shi. Shi ya sa yara ke shiga setin su sa wani DNS ɗin daban, kaman 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na kamfanin Cloudflare. A da yana ci. Yanzu a rautar MikroTik da muke amfani da ita doka ɗaya zan sa, ko me ka rubuta tambayar wurina za ta dawo.

Sai VPN, manhajar da ke ɓoye abin da kake yi ta bi da shi ta wata kwamfuta a wani wuri. Wannan kam tun da gwamnati ta rufe Twitter a watan Yunin 2021, aka yi wata bakwai sai Janairun 2022 aka buɗe, kowa ya iya shi, har baffana da ba ya iya tura hoto yana da shi a waya. Gaskiya ne in ka kunna ba na ganin abin da kake kallo. Amma ina ganin waya ɗaya tana ta kwasar data daga adireshi ɗaya a Jamus ko Holan tun ƙarfe tara ba ta tsaya ba, ga sunanta a jiki, wata ma sunan mai ita ne ɓaro-ɓaro don shi ya sa mata. Kaman ka shigo get da buhu a ɗaure ne, maigadi bai san me ke ciki ba, amma ai ya ga buhun ya ga fuskarka.

Ni ba kamun ne ma ke damuna ba, VPN na kyautan nan da kuke saukewa ne. Wa ke biyan kuɗin saba ɗinsu, wato manyan kwamfutocin da data ɗinku ke bi ta ciki? Wani yaro ɗan SS2 ya zo min ido jajir, an turo musu wani a gurup na WhatsApp, ba daga Play Store ba, ya sauke, abin ya nemi izinin karanta saƙonni da lambobin waya, shi kuma ya danna yarda, yarda, yarda don yana sauri ya ga kwallayen da aka ci daren jiya. Kwana biyu aka ƙwace mishi WhatsApp, ana ta tura wa gwaggonninsa wai yana asibiti a turo kuɗi, ɗaya har ta tura. Me VPN zai yi da saƙonninka fisabilillahi? Lambar sirrin da ake turo maka ta tes suke nema.

Kuma ku daina ɗauka mugunta ce ta sa muke rufewa. Caca da batsa kam dole ne, wannan ba sai na yi bayani ba. Amma su TikTok maganar ƙarfin layi ce. Layi ɗaya ne duk makarantar ke sha, ranar da 'yan SS3 ke gwajin CBT na JAMB sai ka ga tambaya ta ƙi buɗewa, agogo na tafiya yarinya na kuka, in ka duba mutum uku ne a bayan lab suna sauke fim.

Eh, matatar da ke tace shafukan tana shirme, ban musa ba. Wata ɗaliba an ba ta aiki a bayoloji kan sankarar mama, duk shafin da ta buɗe a rufe, saboda na'urar ta ga kalmar mama da Turanci ta ɗauka batsa ce. Ta rubuto adireshin a takarda da sunan malamin da ya ba da aikin, ta ce Malam ga shi, ko minti biyu ban yi ba na buɗe wa ajin gaba ɗaya. Mai irin wannan matsalar ya je ya samu mai kula da lab ɗinsu haka, da takardarsa a hannu.

Yauwa, ga shi an ɗauke wuta, batirin kuma saura kaɗan. Iyayen da suka tambayi yadda za su tace wifi ɗin gida, akwai 1.1.1.3 na Cloudflare mai toshe batsa, mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan nuna muku inda ake sa shi a rauta. Sai an jima.