Zanen da na fara a Birni ya canza hanya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau kwanana tara a Damagaram, kuma ina magana da ku ne daga unguwar Birni, kusa da fadar Sarki. Daga Kano na taso da kyallen zane, da buroshi, da kwalaben fenti, da niyya guda ɗaya: in zana fuskar wani tsohon gida mai zankwaye da adon magina, irin gidajen da suka tsaya tun kafin Turawan Faransa su ɗauke babban birnin mulkinsu daga nan zuwa Yamai a 1926.

Bari in matso da kyamara ku gani. Wannan layin gawayi da ke leƙowa a gefe shi ne tsarina na farko, inda gidan ya cinye kusan dukan kyallen, sama kuma na yi mata shuɗi tas. Rana ta biyu hazo ya sauko. Fentin da nake aiki da shi mai ruwa ne, iskar hunturu kuwa tana busar da shi tun kafin in gama gauraya launi, ƙura kuma ta manne a kan shuɗin yana ɗanye. Raina ya ɓaci, na ɗauko tsumma zan goge. Sai na ɗaga kai na dubi samaniya, na ga cewa launin da ƙura ta ba ni, fari-fari mai ratsin ƙasa, ya fi kama da abin da ke bisa kaina fiye da shuɗin da na zo da shi a zuciya tun daga gida. Na ajiye tsumman.

Wani dattijo magini da ke zama a ƙofar zauren ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yaro, bangonka ya yi sumul da yawa, ai hannu ne ya shafe shi." Na ce, "Baba, to yaya zan yi?" Ya kama hannuna ya ɗora a jikin bangon, na ji sawun yatsu da ƙaiƙayi a cikin yaɓen. Tun daga nan na rage amfani da buroshi, na koma shafa fentin da yatsa da gefen wuƙa.

Babban canjin ya zo a rana ta biyar. Kowace safiya wani saurayi mai ga-ruwa yana tura kura cike da jarkoki masu ruwan ɗorawa ta gabana, yana tare mini gidan. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san yadda ruwa yake da tsada a rayuwar mutanensa, tsakanin waɗannan manyan duwatsu. Na sa shi ɗan ƙarami a kusurwa domin cike gurbi, amma launin jarkokin ya janye ido daga komai. Na nemi izininsa, ya amince, na ƙara masa girma har sau biyu, gidan da na zo dominsa ya ja baya ya zama inuwa.

Wannan ba sabon abu ba ne a sana'armu. Lokacin da Fikaso, shahararren mai zane ɗan ƙasar Sifaniya, yake yin zanensa mai suna Gernika a Faris a 1937, wata mai ɗaukar hoto, Dora Maar, ta ɗauki hotunan aikin mataki-mataki, kuma a na farko-farko akwai hannu a ɗage da dunƙulallen yatsu a tsakiya, wanda babu shi a zanen da aka kammala. Abin da na yarda da shi shi ne, mai zane ya rarrabe canjin da ya fito daga kyakkyawan kallo da wanda ya fito daga kasala. Idan na rufe ƙofar gida domin na kasa zana ta, wannan ɓoye aibi ne. Ƙurar nan da jarkokin nan kuwa idona ne ya shaida su.

Ku dubi nan ƙasa. Da farko na zana dogari da jar riga a daidai wurin nan, daga baya na rufe shi da jarkoki, amma jan yana ɓullowa ta ƙarƙashin ruwan ɗorawa, ya ba su wani ɗumi kamar rana ta dake su. Zan bar shi haka. Fuskar saurayin ce ta rage, ya kuma yi mini alkawarin tsayawa gobe bayan ya sauke ruwan farko, kafin hantsi ya yi zafi.